Martani: Buhu Ɗaya Ba Zai Faɗi Irin da ke Tambuwal da Kebbe Ba

Kwanakin baya wani malami ya fitar da maƙala a kan yadda ya kamata a auna yalwar bambancin gado da ke cikin hatsi da ciyayin kudancin Jihar Sakkwato, ya kuma buga misali da ƙananan hukumomin Tambuwal da Kebbe. Abin da ya ce a taƙaice shi ne: gwajin DNA na tsiro ɗaya bayan ɗaya yana cin kuɗi, wasu ƙauyukan kuma ba su shiguwa saboda halin tsaro, don haka a tafi manyan kasuwanni a auno tiya-tiya daga hannun masu awo, a cuɗe geron kowace ƙaramar hukuma wuri guda, a shuka, a tsinki ganyen tsiron a niƙa tare, a yi gwaji ɗaya a huta. Haka za a yi wa dawa, haka shinkafa, haka gamba. Ya kafa hujja da uwargida, wadda ba sai ta shanye tukunya take sanin ko gishiri ya ji a miya ba, ludayi ɗaya ya ishe ta. Ya ƙara da gwajin haɗaka da wasu ƙasashe suka yi a lokacin korona. Daga ƙarshe ya yi hasashen cewa sakamakon zai nuna geron yankin duk ɗaya ne, saboda haka babu abin da za a rasa idan ingantaccen iri ya maye gurbinsa gaba ɗaya.

Wannan hasashen shi ya sa na ɗauki alƙalami. Da maganar a ɗakin gwaji za ta tsaya, da sai a bar masana su yi musunsu. Amma rubutu irin wannan yana iya isa teburin wanda ke sa hannu a kan kuɗin raba iri, kuma abin da ya gamsu da shi a can shi zai sauka a rumbun manomi a Jabo ko Girkau.

Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba, don haka bari in fara da inda Malam ya yi gaskiya. Gwajin tsiro ɗaya-ɗaya yana da tsada, kuma jami'o'inmu ba su da kuɗin zubarwa. Akwai ma hujjar da ta fi wadda ya kawo ƙarfi. Gero ba ya barbara da kansa sai kaɗan. A kowace zangarniya ɓangaren mace ne yake fara buɗewa, kafin bununin wannan zangarniyar ya zuba, sai iska ta kawo masa bununi daga maƙwabta. Sakamakon haka, a gona ɗaya da wuya a sami tsiro biyu masu gado iri ɗaya sak. Wanda ya gwada tsiro guda ya ce ya san zangon wani ƙauye bai san komai ba. Wanda ya haɗa ganyen tsiro ɗari na wannan zangon ya gwada ya fi shi kusa da gaskiya nesa ba kusa ba. A shekarar 2020 masu bincike na cibiyar IRD ta Faransa da abokan aikinsu na Afirka ta Yamma suka wallafa wani babban nazari a kan yadda sauyin yanayi zai shafi gero, kuma da gwajin haɗaka suka yi shi: sun ɗauki irin manoma 173, kowanne suka haɗa tsiro 100 suka karanta gadonsu tare.

To amma a duba abin da suka haɗa. Haɗi 173 suka yi, kowane iri da nasa, kowanne da sanin wurin da aka samo shi. Ba su zuba geron ƙasa guda a turmi ɗaya ba. Abin da suke nema shi ne wane iri ne zai iya jure yanayin da ke tafe a wane wuri, kuma da sun cuɗe su da tambayar ta mutu tun kafin a kunna na'ura. Saɓanina da Malam a nan yake: ina ne iyakar abin da ya halatta a haɗa.

Ga lissafi mai sauƙi. Kowace ƙwayar gado tana iya zuwa da siga fiye da ɗaya, a ce wata tana sa gero ya yi saurin fitar da kai, wata tana sa ya jinkirta. A ƙaddara duk geron Dogon Daji yana ɗauke da siga ta farko, duk na Kuchi kuma yana ɗauke da ta biyu. Idan aka cuɗa su daidai wa daida aka gwada, na'ura za ta ce rabi da rabi. Yanzu a ƙaddara wani hali dabam: a Dogon Daji rabin geron mai siga ta farko ne rabi mai ta biyu, a Kuchi ma haka. Aka cuɗa aka gwada, amsa ita ce dai rabi da rabi. Lamba ɗaya, amma ma'ana ta sha bamban. A hali na biyu, ko da irin gari ɗaya ya salwanta babu sigar da ta ɓace, tana nan a ɗaya garin. A hali na farko kuwa, ranar da ambaliya ko fari ko gudun hijira ya cinye irin Kuchi, siga guda ta tafi ke nan daga yankin. Wannan ba sabon ilimi ba ne. Wani masani ɗan ƙasar Suwidin mai suna Sten Wahlund ya bayyana shi tun 1928: idan aka haɗa al'ummomi mabambanta aka lissafa su kamar guda, tsarin da ke tsakaninsu yana ɓoyewa. Mai gwada tsiro ɗaya-ɗaya yana iya gano cewa an yi cuɗanya, don zai ga alamarta a jikin tsirran. Mai gwajin haɗaka ya niƙe wannan alamar da hannunsa.

Nan ne misalin miya ya gaza. Ludayi ɗaya yana wakiltar tukunya ne saboda an juya miyar, ta zama bai ɗaya tun kafin a ɗanɗana. Gonakin Tambuwal da Kebbe ba wanda ya juya su. Duk wanda ya bi hanyar Sakkwato zuwa Jega ya ratsa Tambuwal ya ga jigawa mai yashi inda gero da wake suke mulki. Wanda ya gangara kudu wajen Gulbin Zamfara zai tarar da fadama mai laka, inda ruwa ke kwanciya, inda shinkafa take. Tsakanin waɗannan biyu akwai ƙasa mai riƙe danshi da dawa ke so. Ko a cikin geron kansa, akwai wanda ake girbewa da wuri, ga kuma maiwa da ke jiran rana ta gajarta kafin ta fitar da kai, don haka bununinsu ba ya cika haɗuwa. Kowanne daga cikin waɗannan an yi zuriya bayan zuriya ana zaɓen sa don ya dace da wurinsa. Bambancin da ke tsakanin wuri da wuri shi ne abin da aka ce za a auna, shawarar Malam kuwa ta fara ne da shafe shi.

Sai batun kasuwa, wanda a ganina shi ne mafi rauni a cikin maƙalar. Abin da ke buhun mai awo hatsin ci ne. Iri yana wani wurin dabam. Manomin da ya san abin da yake yi tun a gona ko a wajen ɗaurin dami yake ware zangarniyun da suka cika, masu tsawo, waɗanda tsutsa ba ta taɓa ba, ya adana su ba tare da an sussuka ba sai shuka ta zo. Ragowar ce ake sussukawa a kai kasuwa idan buƙata ta taso. Shi kuma mai awo yana tara na mutum goma a buhu ɗaya, ya ƙara da wanda mota ta kawo daga Zamfara ko Kebbi ko ma daga tsallaken iyakar Nijar. A ciki har da ƙwayar shibra, wannan barbarar yanyawa tsakanin geron gida da na daji, wadda take zubar da tsabarta da wuri, wadda kuma babu manomin da ke zaɓen ta ta zama iri. Da tsiro yana ƙarami ba a rarrabe shibra da gero, don haka ganyenta zai shiga turmin gwaji a lissafa gadonta a matsayin na irin manomi. Abin da irin wannan gwajin zai auna shi ne zirga-zirgar fatake a makon da aka yi sayayya. A dawo bayan wata uku a sake aunowa, amsa ta canza, alhali ko ƙwaya ɗaya ba ta canza a rumbunan Sanyinna ba.

Gwajin korona kuwa hujja ce a kan Malam. Dabarar ta samo asali ne daga wani Ba'amurke, Robert Dorfman, wanda a 1943 ya kawo shawarar a riƙa haɗa jinin masu shiga soja a gwada tare don neman cutar tunjere. Tambaya ɗaya ce ake yi: akwai ko babu? Idan babu, an sallami kowa. Idan akwai, sai a koma a gwada na kowa shi kaɗai, kuma hakan yana yiwuwa ne saboda an ajiye ragowar samfurin kowane mutum da sunansa. Auna bambancin gado tambayoyi ne da yawa: siga nawa ce, kowacce yaya yawanta, a ina take, wa ke ɗauke da ita. Kuma a tsarin da Malam ya zana babu inda za a koma, tunda tun a kasuwa aka rasa sunan mai iri.

Mu zo kan siga marar yawa, wadda ita ce ke fara faɗuwa a kowane gwajin haɗaka. A 1975 masana biyu, Marshall da Brown, suka shimfiɗa ƙa'idar da masu tattara iri suke bi har yau. Idan wata siga tana cikin kashi 5 cikin 100 na iri, kuma ana so a yi kusan tabbacin kama ta, wato dama 95 cikin 100, ana buƙatar kwafin gado 59 da ba su da dangantaka ta kusa. Kowane tsiron gero yana da kwafi biyu, ɗaya daga uwa ɗaya daga uba, don haka tsiro 30 sun wadatar. Idan aka rage zuwa tsiro 10, damar a kuskure wannan sigar ta kai kusan 36 cikin 100. Idan kuwa sigar tana cikin kashi 1 cikin 100 ne, kwafi kusan 300 ake buƙata. Kuma sharaɗin rashin dangantaka ba wasa ba ne: zangarniya ɗaya tana ba da ƙwaya fiye da dubu, don haka tsiro ɗari da suka fito daga zangarniya uku 'ya'yan uwa uku ne kawai, komai cikar tiren da aka shuka su.

Dawa da shinkafa lissafinsu dabam ne, abin da maƙalar ba ta ko ambata ba. Su mafi yawan barbararsu da kansu suke yi, shinkafa ma fiye da dawa. Kwafi biyun da ke cikin tsiro ɗaya kusan abu ɗaya ne, don haka tsiro 10 kwafi 10 ne a zahiri, damar kuskure sigar nan ta kashi 5 kuma ta haura zuwa kusan 60 cikin 100. Sai an tara tsiro kusan 60 kafin a kai matsayin da gero ya kai da 30. Ƙari a kan haka, a tsirran da ke barbara da kansu kaso mai yawa na bambancin yana tsakanin iri da iri ne, tsakanin kaura da farafara, tsakanin shinkafar zamani da tsohuwar shinkafar gargajiya mai jar ƙwaya da kakanni suka noma a fadamun wannan yanki. Cuɗe su ya fi cuɗe gero ɓarna. Wanda ya yi wa amfanin gona huɗu awo ɗaya sannan ya jera lambobinsu ya ce wannan ya fi wancan yalwa, ya kwatanta abubuwan da ba su kwatantuwa.

Ko da sigar ta yi sa'a ta shiga turmin, sauran na'ura ta gan ta. Na'urar karanta DNA tana leƙa kowane gurbi ne wasu adadin lokuta, kamar mai zaro ƙuri'a. A ce an haɗa tsiro 100, kwafi 200 ke nan, kuma ɗaya tak ke ɗauke da wata siga. Idan na'ura ta leƙa gurbin sau 50, damar ta ci karo da shi ko sau ɗaya ba ta wuce kusan 22 cikin 100 ba. Idan ma ta gan shi sau ɗaya, manhajar tace bayanai za ta jefar da shi, domin na'urar kanta tana yin kuskuren karatu jefi-jefi, kuma ba yadda za a bambanta kuskure da gaskiyar da ta bayyana sau ɗaya. Ga kuma matsalar ganye: tsiron da aka yanko wa babban ɓangare zai rinjayi wanda aka yanko wa ƙarami, tsiron da ya yi saurin fitowa zai shiga, wanda ya yi nawa a bar shi. Shi ya sa masu wannan fanni a ƙasar Ostiriya, a wani bita da suka yi a 2014, suka ce dabarar tana ba da ƙiyasi mai kyau a kan sigogin da suka yawaita idan an haɗa aƙalla mutum ko tsiro 40 kuma an karanta da zurfi, amma suka yi gargaɗi a kan marasa yawa.

Mai karatu zai iya cewa, to me ya dame mu da abin da ke cikin tsiro ɗaya daga ɗari? Tarihin shinkafa ya ba da amsa. Lokacin da wata cutar bairos mai tsugunar da shinkafa ta addabi Asiya, cibiyar binciken shinkafa ta duniya, IRRI, da ke Filifins ta gwada dubban nau'o'i tana neman mai jurewa. A samfur ɗaya aka samu, wata shinkafar daji da aka tsinto a jihar Uttar Pradesh ta Indiya a 1963, kuma ko a cikin wannan samfurin tsiro uku ne kacal ke da juriyar. Daga su aka ɗauki gadon da ya shiga shinkafar IR36, wadda aka fitar a 1976, ta kuma kai ga mamaye hekta miliyan 11. Da niƙa aka yi aka gwada tare, da tsiron nan uku sun narke a cikin taro. Na kusa da mu ma akwai: ƙwayar gadon Xa21, mai kare shinkafa daga wata cutar ƙonewar ganye, wadda aka tantance a Jami'ar Kalifoniya a 1995, daga wata shinkafar daji ta ƙasar Mali ta fito. Irin wannan shinkafar dajin mai yaɗuwa ta saiwa tana nan a fadamun arewacin Najeriya, manoma suna fama da ita a matsayin ciyawa.

Abin da mai ƙirƙiro sabon iri yake buƙata tsiro ne da zai riƙe a hannu ya yi barbara da shi. Lambar da ke cewa kashi 3 cikin 100 na geron Kebbe suna da wata siga mai amfani ba ta da fa'ida gare shi idan ba a san gonar ba. Gwajin haɗaka kuma ba ya faɗin waɗanne sigogi ne suke tafiya tare a tsiro ɗaya. Zai iya nuna cewa akwai saurin nuna a cikin taron, akwai kuma juriyar ƙuduji, amma ko a jiki ɗaya suke ko a jikin tsirrai dabam-dabam, wannan ya wuce saninsa. Ga manomin da ƙuduji ya cinye wa gona a shekarar da ruwa ya ɗauke da wuri, wannan ita ce tambayar.

Ciyawa kuwa Malam ya wuce ta da jimla ɗaya, kamar ita ce mafi sauƙi, alhali ta fi rikitarwa. Gamba tana barbara ta iska kamar gero, amma wasu nau'o'inta kwafin gado huɗu gare su maimakon biyu, kuma ganyen da aka niƙa tare ba zai faɗi wanne ne wanne ba. Sannan gambar da ake gani a jere a iyakar gonaki, wadda ake yanka don zana da jinka, sau da yawa ɓallo ta aka yi daga tushe ɗaya aka daddasa. Mai tattarawa zai ƙirga kututture ashirin, a gado kuwa ƙila tsiro biyu ne. Kyasuwa tata ta fi haka: tana yin 'ya'ya ba tare da barbara ba, 'ya'yan su fito kwafin uwarsu, don haka fili guda yana iya zama zuriyar uwa ɗaya. Kada kuma a raina abin. Gambar da aka fitar wa makiyayan Kolombiya a 1980 da sunan Carimagua 1, wadda Barazil ta kira Planaltina, daga Shika kusa da Zariya aka ɗauki irinta. Wasu sun san darajar ciyawar da muke takawa.

Yanzu ga hasashen cewa geron yankin duk ɗaya ne. Idan aka bi hanyar Malam, haƙiƙa abin da za a gani ke nan, amma hanyar ce ta haifar da shi. A tsiron da iska ke yi wa barbara, mafi yawan bambancin yana cikin kowane iri ne, sigogin da suka yawaita kuma kusan ko'ina akwai su. Idan aka haɗa buhun Tambuwal aka haɗa na Kebbe, aka jefar da marasa yawa a matsayin kuskure, abin da ya rage dole ya yi kama. An tace bambancin an zubar, sannan aka ba da rahoton ba a gan shi ba.

Maƙwabtanmu na Nijar sun nuna abin da ake samu idan an yi haƙuri. A 1976 masu bincike suka zagaya ƙauyuka suka tattara irin gero da dawa, kowanne da sunan da manoma ke kiran sa da sunan ƙauyensa. A 2003 aka koma ƙauyuka 79 daga cikinsu aka sake tattarawa. Tsakanin waɗannan shekaru an sha fari, har da na 1984. Da aka shuka tsoho da sabo gefe da gefe, sai aka tarar yalwar gadon gero gaba ɗaya ba ta ragu ba, amma geron 2003 ya fi saurin fitar da kai, kuma wata siga mai alaƙa da saurin fure ta ƙaru daga kusan 10 zuwa kusan 18 cikin 100. Wato irin manoma da kansa yana bin sauyin damina, yana jawo abin da yake buƙata daga cikin ajiyarsa. Sigar da ta fara da ɗaya cikin goma ita ta zama abin dogaro. Babu yadda za a yi a gano wannan da buhunan kasuwa, kuma shi ne dalilin da ya sa maganar maye gurbi gaba ɗaya take ba ni tsoro.

Ba ina gaba da ingantaccen iri ba ne. Geron SOSAT, da aka fitar a Najeriya a shekarar 2000 ta hannun Cibiyar Binciken Tafkin Chadi da ke Maiduguri, ya amfani manoma da yawa, haka nau'o'in dawa na Samaru da na shinkafa na Badeggi. Sai dai kowannensu daga irin wasu manoma aka gina shi, kuma wanda zai gaje shi ma daga can za a nemo shi. Indiya ta ɗanɗana kuɗarta a farkon shekarun 1970, lokacin da aka baza geron zamani mai tushe ɗaya a faɗin ƙasa, wata cuta mai mayar da zangarniya ganye-ganye ta same shi a shirye ta yi masa kaca-kaca. Cikin wuraren da aka koma neman juriya har da geron Afirka ta Yamma.

Abin da nake ganin ya dace ba shi da wuyar faɗi. A je da kaka, lokacin da dami ke shiga rumbu, a nemi irin da manomi ya ware da kansa. A tambayi sunansa, wace ƙasa yake so, kwana nawa yake yi, daga wa aka gaje shi. A tambayi matan gida ma, domin su suka san wanda ke yin fura mai kyau da wanda ke tsinkewa a tuwo, kuma wannan ma gado ne. Daga kowane iri a kowane ƙauye a ɗauki zangarniya 30 ko fiye idan gero ne, kusan 60 idan dawa ce ko shinkafa, kowace a ambulan ɗinta da lambarta. Ƙwaya ɗaya daga kowace zangarniya za a shuka, a huda ganye daidai girma, sannan a haɗa a gwada. Nan ne haɗaka ta halatta, kuma nan ne take rage kuɗi da gaske, tunda gwaji ɗaya ya tsaya a madadin talatin ko sittin. Idan sakamakon wani ƙauye ya zo da abin mamaki, ambulan suna nan, a koma musu ɗaya bayan ɗaya. Ragowar irin a raba shi tsakanin Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da cibiyar adana iri ta ƙasa, NACGRAB, da ke Ibadan, a kuma nemi haɗin kan cibiyar ICRISAT, wadda ke da ofishi a Kano da rumbun adana iri a Sadore kusa da Yamai.

Matsalar tsaro gaskiya ce, ba kuma zan ce wani ɗalibi ya sayar da ransa don zangarniya ba. Amma mutanen waɗannan ƙauyuka suna fitowa, suna zuwa cin kasuwa, suna da hakimai da masu unguwanni da malaman gona da suka san su. Roƙon mutum ya zo da kan gero daga rumbunsa ya faɗi sunansa bai fi sayen tiya wahala ba. Hasali ma rashin tsaron shi ya ƙara wa aikin gaggawa, domin iyalin da suka bar gida suka cinye irinsu a inda suka sami mafaka, da abin da suka samu a kasuwa za su koma gona, wanda suka gada kuwa ya tafi ba tare da an rubuta ko sunansa ba.

Kirana ga Ma'aikatar Aikin Gona ta Jihar Sakkwato da malaman da za su duba irin wannan bincike shi ne kada su amince da duk wani sakamako a kan bambancin iri sai an faɗa musu abu uku: tsiro nawa aka haɗa, daga zangarniya nawa, kuma daga rumbun wane ƙauye. Idan kuɗin da ke hannu ba zai isa ƙauye arba'in ba, a yi goma a rubuta cewa goma aka yi, kowanne da haɗinsa. Malam kuma ina roƙon sa ya janye maganar cewa geron Tambuwal da Kebbe duk ɗaya ne, domin bai gwada ba, kuma hanyar da ya kawo ba za ta iya gwada hakan ba.